Ba Daidai Ba Ne, Baba

Na koyar da Turanci a ajin da yara suka fi ƙarfin benci, na koyar a gindin darbejiya shekarar da iska ta yaye kwanon makarantarmu, na koyar da 'yan mata masu gyangyaɗi saboda sun kwana surfe. Duk cikinsu babu ɗalibin da ya ba ni wahala irin wadda surukina ya ba ni. Kuma shi kansa bawan Allah ba shi ne matsalar ba. Mutanen gidan ne, da ni a tsakiyarsu kamar an ɗaure min baki da igiya.

Ni 'yar Gumel ce, aure ne ya kai ni Gagarawa, babban gida mai sassa. A gidan ma sunan da ake kirana ke nan, 'yar Gumel. Ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandaren 'yan mata. Maigidana dillalin dabbobi ne, rabin makonsa a Maigatari yake yi, wani lokaci har ya tsallaka Nijar. Mahaifinsa, wanda duk muke ce wa Baba, malamin Larabci da addini ne a firamaren garin, ya kama alli tun kafin a haife ni. Rabin magidantan unguwar ta hannunsa suka bi. Kullum da safe zai ɗaura rawaninsa, ya hau kekensa, yara na binsa a guje har ƙofar aji.

Sai aka zo da doka cewa duk malamin da ba shi da takardar shaidar malanta ya koma karatu ya samo ta, in ba haka ba a cire shi daga aji. Baba bai yi gardama ba. Ya shiga karatun ƙarshen mako a Gumel, yana hawa motar haya ranar Asabar da sassafe tare da sa'o'in 'ya'yansa. Ya ci komai. Larabci kuwa, an ce malamin da ke koyar da su ma shi yake tambaya. Turanci kaɗai ya tsaya masa, ya faɗi sau biyu, kuma aka ce na ukun shi ne na ƙarshe. In ya sake faɗuwa, za a ɗauke shi daga aji a kai shi ofishin ilimi ya riƙa zama a benci har lokacin ritayarsa ya cika. Wanda bai san Baba ba zai ce ai hutu ne. Mu da muka san shi mun san ko zazzaɓi yake yi sai ya je ya ga yaransa.

Sau biyun nan da ya faɗi ina cikin gidan, da takardar digirina ta Turanci a ƙasan akwati, amma babu wanda ya ce da ni uffan. Suruka ce ni. Ban taɓa haɗa ido da Baba ba. In na hango shi a tsakar gida sai na durƙusa daga nesa, na gaishe shi kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon katanga. Sai da wuta ta zo gemu, wato da aka ce saura dama ɗaya, sannan maigidan ya shigo ɗaki a farkon damina yana sosa ƙeya.

"Wai Baba ne yake cewa ko za ki ɗan duba masa Turancin nan."

"Shi ya faɗa, ko kai?"

"To, ni na faɗa, shi kuma bai ce a'a ba."

Na ce to. Raina har ya yi fari, don na san inda ciwon yake. Na ga irin takardar da ake ba su. Kaso mai tsoka a cikinta shi ne a ba ka jimla a ja layi ƙarƙashin kalma, a ce ka faɗi ajinta, suna ce, ko aikatau, ko sifa, ko bayanau, da sauran 'yan'uwansu. Abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya ke nan. Na ce a raina kafin gero ya yi kai mun gama.

Ban san irin zaman da aka shirya mana ba. Inna, uwar mijina, ita ta tsara shi, kuma ta tsara shi kamar ana shirin ɗaurin aure. Baba zai zauna a kan buzunsa a rumfar ƙofar turakarsa bayan la'asar. Ni zan zauna cikin ɗakin Inna, bayan labule. Maigidan zai zauna a kujera 'yar tsugune tsakaninmu, ya ɗauki magana daga nan ya kai can. Tsakanina da Baba bai fi a miƙa hannu a karɓi kwano ba, yana jin numfashina ina jin tarinsa, amma wai sai an yi mana tafinta. Na ce da Inna a hankali, ai karatu ba ya yiwuwa haka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce a gidan nan haka yake yiwuwa.

Ranar farko Baba ya fara da basmala, sannan ya karanto min ma'anar azuzuwan kalmomi takwas ɗin nan da Turanci, daga farko har ƙarshe, da ka, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Har da waƙafi. Na riƙe baki. Mutumin da ya haddace littattafan fiƙihu, shafi biyu na Turanci ba komai ba ne a wurinsa. Sai na ba shi jimla mai sauƙi, wadda ke cewa dogon mutum ya tafi kasuwa da sauri. Na ce a tambaye shi, kalmar da ke nufin dogo, wane aji take?

"Ismi ce," in ji Baba. "Nawun, kamar yadda suke faɗa."

Na ce a tambaye shi kalmar da ke nufin da sauri.

"Ita ma ismi ce."

Sannan ya gyara zama ya yi mana bayani. Ya ce malaman nahawu sun gama wannan magana tun da daɗewa. Zance kashi uku ne, ismi da fi'ili da harafi. Duk abin da ba aiki ba ne, ba kuma ɗan haɗi ba ne, to ismi ne. Turawa ne kawai da son yawaita abu suka farfasa shi gida takwas. A Larabci gaskiyarsa ne, ban musa ba. Amma mai duba takarda a Gumel ba ruwansa da malaman nahawu, akwati takwas ya ajiye, kuma yana so kowace kalma ta shiga nata.

Na matso bakin labule na ce da maigidan ƙasa-ƙasa, "Ka ce masa ba haka ba ne. Ta farkon sifa ce, ta biyun bayanau."

Ya yi gyaran murya ya ce, "Baba, ta ce madalla, an yi ƙoƙari. Sai dai a ɗan ƙara dubawa."

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "A kawo ta gaba."

Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu. Da muka koma sashenmu na tare shi tun bai cire hula ba. Na ce wannan wace irin tafinta ce? Na ba ka baƙi ka kai fari? Ya ce in yi masa rai, shi tunda aka haife shi bai taɓa ce wa mahaifinsa ka yi kuskure ba, kuma ba a kan Turanci zai fara ba. Na ce to ai kuwa a kan Turancin za a raba shi da ajinsa. Ya ce in bi a hankali, Baba mai fahimta ne, zai gane da kansa. Mutumin da yake tsayawa a kara, kasuwar shanu, ya ce wa Bafulatani sanka ramamme ne a gaban jama'a, shi ne ya kasa kai kalma ɗaya tsakanin labule da buzu.

Haka muka yi ta yi. Ni in ce kuskure ne, shi ya ce saura ƙiris. Ni in ce a sake daga farko, shi ya ce wai a ƙara nanatawa don ya zauna. Baba kuwa yana jin abin da nake faɗa ko ba ya ji, Allah masani. Ni dai na san ladabi ya hana ni ɗaga murya, shi kuma ladabi ya hana shi sauraron muryar surukarsa, saƙon da ɗansa ya miƙa masa shi yake karɓa.

Ranakun da maigidan ya tafi Maigatari, sai Inna ta karɓi kujerar. Ita ba ta kai saƙo, gadi take yi. Za ta zauna da faranti tana tsinke zogale, ni kuma an yarda in yi magana kai tsaye, amma da sharaɗin muryata kada ta wuce ta mai gaisuwa. Da na ɗan ɗaga sai ta yi tari. Ga wata masifar kuma, littafin da suke amfani da shi, wanda ya rubuta shi kamar ya rasa suna a duniya sai ainihin sunan Baba. Kowace jimla shi ne ya je kasuwa, shi ne ya sayi akuya, shi ne ya fi ƙanensa tsawo. Ni kuwa ko a mafarki ban isa in kama sunan nan ba. Sai in karanta jimla da Turanci, in na zo wurin in ce mai sunan Baba, in ci gaba. Jimla ta fito rabi Turanci rabi kunya. Ranar da na zo koya masa suna na musamman, irin na mutane da garuruwa, misalin da ke gabana shi ne wanda ba zan iya furtawa ba, sai da na ari na Maigatari.

To ni ma da aka bar ni da shi, me na iya? Bakina ya ƙi. Wannan kalma, kuskure, ba na iya furta ta, ga Inna ta kafe ni da ido ta gefen labule. Sai na samo wata dabara da na ɗauka wayo ce. In ya ce ismi, sai in ce, "To Baba, haka ne a wani wajen. Amma wasu kuma suna cewa sifa ce."

Rannan sai na ji ya yi 'yar dariya ta jin daɗi.

"Ashe su ma suna da saɓani," ya ce. "Ai na faɗa. Babu ilimin da ba shi da saɓanin malamai. To mu mun ɗauki ƙaulin farko, shi ya fi ƙarfi."

Na dafe kai. Mutumin da ya shekara yana karanta littattafan da ke cewa wane ya ce kaza, wane kuma ya saɓa masa, kuma duka biyun ana girmama su, na je na ba shi ƙofa da hannuna. Daga ranar duk gyaran da na kawo sai ya karɓe shi da mutunci, ya ce an ji ƙaulin wasu, ya ajiye shi gefe. Har ya fara yaba min a wurin Inna, yana cewa 'yar Gumel ta san saɓani, ba kamar malaminsu na can ba mai tsaurin kai.

Gero ya yi kai, aka yi girbi, aka shiga yankan riɗi, muna nan inda muke. Wani abokin Baba daga Sule Tankarkar, wanda suka fara karatun tare amma shi ya riga ya haye, ya kawo masa tambayoyin shekarun baya. Baba ya zauna ya amsa su da kyakkyawan rubutunsa mai kama da zane, aka miƙo min ta ƙarƙashin labule. Na duba. Suna da aikatau kaɗai yake samu. Wakilin suna ismi, sifa ismi, bayanau ismi, sauran duka ya tattara su ya ce harafi. Na ɗauko jan biro, maigidan ya riƙe min hannu.

"Jan biro a takardar Baba?"

"To da me zan duba, da man shanu?"

Ya ce in yi da fensir, kuma kada in yi alamar kuros, in ɗan ɗiga ɗigo kawai a gefe. Na ɗiga ɗigo har takarda ta koma kamar zabuwa. Ya kai masa, ina ji da kunnena ya ce, "Ta ce an kusa, Baba." Da magariba Baba ya gaya wa mutanen masallaci cewa bana da yardar Allah an gama da Turanci. Washegari mata suna shigowa suna yi min sannu da ƙoƙari.

Na gwada duk hanyar da na sani. Na je wurin Inna na durƙusa na ce Baba fa bai kama hanya ba. Ta ce in bar yi wa malami baki, mutumin da ya karantar da gari guda ba Turancin yara ne zai gagare shi ba. Na ce ai ya gagare shi sau biyu. Ta ce wancan hassadar masu dubawa ce. Na ce da maigidan ya nemo wani malamin namiji daga waje, wanda ba ruwansa da kunya. Ya ce in aka yi haka gari zai ce matarsa ta kasa, kuma Baba zai ji an raina shi. Kowa yana tsare mutuncin Baba, ba mai tsare masa aji.

Abin ya fashe ne wata Laraba, saura 'yan makonni jarrabawa. Maigidan yana Maigatari. Inna tana kan kujerarta tana ɓare gyaɗa. Ranar na dawo daga makaranta da ciwon kai, 'yan aji biyu sun gama cinye min rai, ga ƙaramin ɗana yana haƙori. Na karanta jimla mai cewa farar akuya ta shiga gona. Na tambayi ajin kalmar da ke nufin fara.

"Ismi," in ji Baba, hankali kwance. "Kamar yadda kika tabbatar min tun farko."

Wannan kamar yadda kika tabbatar min ɗin shi ya tsinka igiyar. Ban san lokacin da murya ta fito ba, irin wadda nake yi wa 'yan bayan aji.

"Ba daidai ba ne, Baba. Ba saɓani ba ne, kuskure ne. Sifa ce, kuma ba ta da wani suna sai sifa. Tun farkon damina kuskure kake yi, ɗigon nan da ka gani a takarda duk faɗuwa ce. In ka shiga jarrabawa a haka, faɗuwa za ka yi."

Inna ko tarin ma ba ta samu ta yi ba. Gyaɗa ta zube daga cinyarta, kaji suka taho. Matar ƙanen mijina da ke daka a can gefe ta tsaya da taɓarya a sama. Ni kuma ƙarya nake in na ce na yi nadama a lokacin. Wani sanyi na ji a ƙirji, irin na wanda ya sauke tulu. Na ji Baba ya rufe littafi, ya naɗe buzunsa, ya sa takalmi ya fita, alhali ko kiran magariba ba a yi ba.

Kafin maigidan ya dawo ranar Juma'a labari ya riga shi zuwa har kara. Ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba, ya ce na kunyata shi a gari. Na ce gara kunyar yau da ta ranar sakamako. Inna ta daina amsa gaisuwata sai da kai. Mahaifiyata ta bugo waya daga Gumel, ban san wa ya kai mata ba, tana cewa ita ba haka ta rene ni ba, boko ne ya buɗe min ido, in je in durƙusa in ba da haƙuri. Na je na durƙusa a ƙofar turaka na ce Baba a yi haƙuri da yadda na faɗa. Ban ce a yi haƙuri da abin da na faɗa ba. Daga ciki aka ce ba komai. La'asar ta yi ta wucewa, rumfa ba kowa, ni kuma ina ƙirga lokacin da ke zubewa ina cizon yatsa.

Kusan mako guda aka yi haka. Sai ran nan bayan la'asar na ji muryarsa a tsakar gida, yana magana da Inna amma don in ji.

"A ce wa 'yar Gumel ta fito. Kuma a ɗage labulen nan. Malami ba ya gyara hannun da bai gani ba."

Inna ta fara cewa, "Malam, ai kuwa mutane..."

"Mutanen ne za su rubuta min jarrabawar?"

Na fito da mayafi har goshi. Ya sa an shimfiɗa min tabarma, ya ajiye littafin a tsakaninmu. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, dukanmu littafin muke kallo. Ya ce ya kai takardar nan mai ɗigo wurin abokinsa na Sule Tankarkar, abokin ya ƙirga masa abin da ya ci, kuma ko yaron aji uku aka ba wannan maki sai an kira ubansa. Ya ce, "Shekara nawa ina gaya wa yara in sun yi kuskure, ban taɓa ce wa ɗayansu wasu suna cewa ba. Fara daga farko. In na yi daidai ki yi shiru, in na kauce ki faɗa."

Abin da ya fi ƙona min rai har yau shi ne yadda ya riƙa kamawa da sauri. Mutumin nan kansa kamar wuƙa. Da na ce masa ya ɗauki ismin nan nasa ya raba shi gida-gida, ga mai suna, ga mai tsaya masa in ba ya nan, ga mai faɗin kamanninsa, sai ya ce, "Na'ati kike nufi? To ai sai ki ce na'ati." Ya san abin sarai, sunan akwatin kawai ya ƙi yarda da shi, don ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce masa dole ne. Muka bar littafi muka koma kan abin da ke gabanmu. Buhun riɗi, babban buhun riɗi, shi ya faɗi, ya faɗi da ƙarfi. Cikin kwana kaɗan sifa ta zauna, wakilin suna ya zauna. In na ce kuskure ne, sai ya ce to, ya goge. Sau ɗaya ma har ya riga ni, ya ce, "Tsaya, kada ki faɗa, na ga inda na kauce." Inna tana gefe ta yi kicin-kicin, tana ɓare gyaɗa kamar da ita take faɗa.

Amma lokaci ya riga ya tafi. Bayanau muna tsakiyarsa, yana kama shi yau ya kuɓuce gobe. Ƙananan kalmomin nan da ya tara a harafi, waɗanda Turawa suka raba gida uku, sama-sama muka taɓa su. Ga sashen karanta labari a amsa tambaya, ga rubutun insha'i, ko leƙa su ba mu yi ba. Aikin damina guda muke so mu cusa a 'yan kwanaki. Ranar da zai tafi Gumel na haɗa masa fura a jarka, na tsaya a bakin zaure daga ciki ina jin motar ta tashi.

Sakamako ya fito bayan an gama ɗibar zoɓo. Maigidan ne ya je ya dubo. Tun daga yadda ya jingina babur na gane. Baba ya faɗi, da tazara 'yar kaɗan, mafi kusa da ya taɓa yi. Ba a jima ba takarda ta zo, aka turo wani saurayi ya karɓi ajinsa, shi kuma aka ce ya riƙa zuwa ofis.

Sai gida ya samu abin faɗa. Wai ni na karya masa gwiwa. Wai da an bar shi da ƙarfin zuciyarsa da ya haye, na zo dab da jarrabawa na rikita masa kai. Inna ta faɗa wa duk wadda ta shigo jaje, a gabana, ba ta ko rage murya. Maigidan bai faɗa ba, amma bai hana ba. Mutanen da suka shafe damina suna ce masa an kusa, su ne yanzu suke neman wanda ya kayar da shi. Na shiga ɗaki na yi kuka, kuma ba na baƙin ciki ba ne kaɗai, yawancinsa haushi ne.

Ranar Litinin ta farko da aka karɓe ajin, Inna ta tafi unguwa da sassafe, sai ni aka bari da kai masa koko. Na same shi a zaure ya ɗaura rawani, ya sa rigar da yake zuwa makaranta da ita, yana zaune a kan dakali. Ofis ba a buɗewa da wuri haka. Yara suna wucewa ta ƙofar gida da jakunkunansu, kowanne ya rusuna ya ce Malam ina kwana, yana amsawa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar ƙarama ta tsaya tana jiran ya fito da keke, sai yayarta ta ja hannunta.

Na durƙusa na ajiye kwanon, zan tashi ya ce in dakata.

"'Yar Gumel, tambaya zan yi miki. Ke ce ba ki ɓoye min ba."

"To, Baba."

"Da tun farkon damina aka faɗa min, da na ci?"

Amsar da ake bayarwa tana bakina. Allah ne bai nufa ba, haka aka rubuta, wani alherin yana gaba. Ita kowa ya ba shi tun da sakamako ya fito, kuma ba ƙarya ba ce. Amma ba ita ya tambaya ba, ya kuma san na san haka.

"Da ka ci, Baba," na ce. "Da ka ci da maki mai kyau."

Can aka buga ƙararrawar makaranta, ana jinta sarai daga zauren.

"Haka na yi zato," ya ce.

Ya jawo kwanon, ya buɗe, bai sha ba.